Wane firemwok zan ɗauka don manhajar shago da nake son in riƙa sayarwa?

Ɗan Kwari:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, amma ku yi haƙuri zan ɗan ja zancen don ku gane inda matsalar take.

Shekara bakwai ke nan da na haɗa wa kawuna 'yar manhajar lissafi a shagonsa na Kantin Kwari. Da Microsoft Access na yi ta, don shi na iya a lokacin: fom na shigar da kaya, fom na sayarwa, da rahoton masu bashi. Atamfa da shadda da leshi yake sayarwa, sari da ɗai-ɗai. Kwamfuta ɗaya ce a kan teburin yaron da ke rubuta rasit, kuma wallahi ta yi aikinta. Maƙwabta suka gani suka ce su ma suna so. Yanzu shago shida ke amfani da ita, kowanne na ɗan taɓa masa wani abu da ya roƙa, har ni kaina ban san wacce ce ta asali ba.

Bara kawu ya buɗe shago na biyu, ya kuma kama sito a wajen kasuwa. Sai na yi abin da bai kamata ba: na ajiye fayil ɗin a folda ɗaya, kwamfuta uku suna shiga ta Wi-Fi. Wata ranar Asabar ana tsaka da ciniki janareta ya mutu, aka tayar, fayil ya ce bai san zancen ba. Kwafin da nake da shi a filash ya kwana tara. Dare biyu na yi da littafin rasit da fitilar waya ina mayar da ciniki ɗaya bayan ɗaya, kawu na zaune a gefe bai ce min komai ba, wanda ya fi faɗa ciwo. Laifina ne, ba na kayan aiki ba, na ɗora wa jaki kayan raƙumi.

To yanzu ina so in rushe in sake gini daga tushe, kuma wannan karon abin sayarwa nake so, ba taimakon dangi ba. Burina shago talatin zuwa hamsin cikin shekara biyu. Abin da dole ta iya: kaya su shigo da dila su fita da turmi, wani lokaci da yadi, ta riƙe bashin kowane abokin ciniki da abin da ya rage masa, ta buga rasit a ƙaramar firinta mai zafi, ta yi aiki ko babu intanet, sannan Alhaji yana Dubai ko Umara ya buɗe waya ya ga cinikin yau. Ni kaɗai ne, sai wani ƙanena da ya gama difloma yake taya ni. Na iya VBA, yaren rubuta kod na cikin Access, sosai, na ɗan taɓa PHP, Python kuma na koya da kaina har na rubuta 'yan abubuwa.

Duk wanda na tambaya wane firemwok zan ɗauka, wato shiryayyen tushen kod da ake ɗora ginin manhaja a kai, sai ya yabi nasa. Wani ya ce Laravel, wani Django, wani ya ce .NET ne na manya, wani yaro ma ya ce in yi komai da Flutter. Don Allah waɗanda suka taɓa sayar da manhaja ga 'yan kasuwa, ba waɗanda suka kalli darasi kawai ba, me zan ɗauka?

Tsohon Kod:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka tuna min da kaina. Da FoxPro na fara cin abinci, daga baya Visual Basic 6, wanda ya fito a 1998. Microsoft ta sanar a 2007 cewa Visual FoxPro 9 ne na ƙarshe, a Janairun 2015 kuma tallafinsa ya ƙare gaba ɗaya. Fom-fom da na yi shekaru ina ƙawatawa duk sun tafi. Abin da na iya ɗauka na tsallaka da shi sabon gida shi ne teburorin bayanai. Shi ya sa nake ganin ka fara tambayar daga wutsiya. Fara zaɓen rumbun bayanai tukuna, firemwok ya biyo baya.

Ni PostgreSQL zan ce maka. Saba ce ta gaske: kwamfutocin shago ba sa taɓa fayil da hannunsu, roƙo suke aikawa, ita ke rubutawa, kuma tana fara rubuta abin da za ta yi a wani kundi kafin ta aiwatar. In wuta ta ɗauke a tsakiya, da ta tashi sai ta duba kundin, cinikin da ya kammala ya zauna, wanda bai kammala ba ya zama kamar ba a fara shi ba. Abin da ya same ka ranar Asabar ɗin nan maganinsa ke nan. Lasisinta kuma ya ba ka damar ka haɗa ta da manhajarka ka sayar ba tare da ka biya kowa ko ka buɗe kod ɗinka ba. MySQL na hannun Oracle tun 2010, lasisi biyu gare ta, GPL na kyauta mai sharaɗin buɗe kod, da na kuɗi, to in za ka riƙa girka ta tare da rufaffiyar manhajarka a shagunan mutane sai ka zauna ka karanta sharuɗɗan da kyau. SQL Server Express kyauta ce, amma a fitowar 2022 da waɗanda suka gabace ta rumbu ɗaya ba ya wuce gigabayit 10. SQLite kuwa ina ƙaunarta, sai dai fayil ce ita ma, mai rubutu ɗaya take karɓa a lokaci guda, kuma masu ita da kansu sun yi gargaɗi kan ajiye ta a foldar da ake rabawa ta netwok. Kada ka sake faɗawa ramin da ka fito.

Na biyu, a ina sabar za ta zauna? A cikin shago. Nemi tsohuwar laftof mai batir mai kyau, ka sa mata SSD, ka ɗora ta a saman kanta inda ƙura da hannun yara ba sa kaiwa. Batirinta shi ne zai riƙe ta tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta. Sauran kwamfutoci da wayoyin yaran shago su shiga ta burauza a kan rautar shago, babu ruwansu da data. In sabis ya samu, ita laftof ɗin ta tura cinikin ranar zuwa saba ta waje, daga can Alhaji zai gani. Ka tuna 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gabar Afirka ta Yamma, har manhajojin bankuna suka riƙa rarrafe? Shagon da lissafinsa ke hannunsa ranar nan bai ma san ana yi ba, sai wajen karɓar tiransifa.

Sai firemwok. Ni yanzu da .NET nake aiki, da Entity Framework, kuma ba ni da ƙorafi. Fitowarsa mai lambar da ke rabuwa biyu daidai, irin 8 da ta zo a Nuwamban 2023, tallafin shekara uku take samu. Amma ba zan tura ka can ba, don za ka ci wata shida kana koyon yarensa C# kafin ka rubuta rasit na farko. Tunda ka iya Python, ɗauki Django. Tun 2005 yake, a gidan wata jarida a Kansas ta Amurka aka haife shi, inda ake buƙatar a gama abu yau a buga gobe. Kana bayyana teburorinka zai ba ka shafin gudanarwa da za ka shigar da kaya da farashi da masu amfani, wato rabin abin da ka saba yi da fom ɗin Access. Ka tsaya a kan fitowarsa mai dogon tallafi, irin 5.2 ta Afrilun 2025, ita ma shekara uku ce.

Abin da ya fi komai muhimmanci a wurinka shi ne tsarinsa na sauya fasalin teburi ta hanyar fayiloli masu lamba a jere. Ka ce shago shida sun riga sun rikita ka. To yi tunanin hamsin. Kod ɗaya tak za ka riƙe. Wanda yake son wani abu daban, ka mayar da shi maɓallin kunnawa da kashewa a saituna. Ranar da ka buɗe wa wani Alhaji kwafinsa na musamman don ya matsa maka, ranar ka fara haƙa wa kanka rami.

Na Samaru:

Baba Tsohon Kod, da girmamawa, amma laftof hamsin a saman kanta hamsin? Wa zai bi su? Yau an sace ta wannan shago, gobe yaro ya zare caja ya sa wayarsa, jibi ɓera ya ci waya. Mutum ɗaya da ƙanensa za su koma masu gyaran kwamfuta, ba masu manhaja ba.

Malam Ɗan Kwari, ni shawarata saba ɗaya a intanet, kowane shago da ɗakinsa a ciki. Ka gyara kuskure sau ɗaya da daddare, da safe kowa ya tashi da gyararre. Kuɗinka kuma wata-wata ta Paystack, ba sai ka bi mutum kana sallama ba. Maganar sabis, rauta mai layi biyu ta kamfani daban-daban tana rage matsalar sosai a cikin gari.

Kuma Laravel zan ce. Ka riga ka taɓa PHP. Tun 2011 Taylor Otwell ya fito da shi, yana da duk abin da aka lissafa wa Django na sauya teburi da tantance masu shiga, in ka ɗora Filament a kai ka samu shafin gudanarwa da ya fi na Django kyan gani nesa ba kusa ba. Sannan ka yi tunanin ranar da za ka ɗauki ma'aikaci. A nan Zariya in na ce ina neman mai PHP, kafin la'asar na samu biyar. Abin da zan amince da shi kawai, Laravel duk shekara yake fitar da babbar lamba, gyaran tsaro kuma shekara biyu ne, to dole ka riƙa binsa, ba a barinsa a manta.

Flutter kuwa a bar shi sai an zo manhajar wayar Alhaji. Fuska ce, ba rumbu ba.

Mai Lissafi:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ba mai rubuta kod ba ce sosai, akanta ce, amma aikina ke nan bin bayan manhajojin da irinku suka rubuta in ƙarshen shekara ya zo lissafi ya ƙi haɗuwa. Ban taɓa ganin wadda ta lalace don an yi ta da Laravel maimakon Django ba. Abin da ke kashe su daban ne.

Ɗan'uwa, a manhajarka ta yanzu na tabbata akwai wani gurbi mai suna "ragowar kaya" da kake ragewa duk lokacin da aka sayar. Kada ka kai shi sabon gini. Ka rubuta motsi kawai: turmi 100 sun shigo ranar kaza daga wurin wane, 12 sun fita a rasit mai lamba kaza, 2 an dawo da su, 20 an kai sito. Ragowa jimillar waɗannan ce. Ranar da Alhaji ya ƙirga ya ga turmi bakwai sun ɓace, zai tambaye ka yaushe, a hannun wa. Gurbi ɗaya ba zai amsa ba. Haka bashi. Kuma kada ka ba kowa maɓallin gogewa, har mai shagon. An yi kuskure, a rubuta wani layi da ke warware shi, da sunan wanda ya yi da lokaci. Yaron da ya san rasit ba ya goguwa, hannunsa na tsayawa wuri ɗaya.

Ma'auni: ka ajiye komai da mafi ƙanƙanta. In turmin atamfa yadi 6 ne, rumbu ya san yadi, fuska ta nuna turmi. Yawan turmin da ke cikin dila kuwa kada ka kafe shi a kod, ka bari a shigar wa kowane kaya nasa, don ba duka dila ce ɗaya ba.

Kuɗi kada ka ajiye su da nau'in lamba mai yawo da ɗigo. Buɗe Python ɗinka ka haɗa 0.1 da 0.2 ka ga abin da zai ba ka. Yi amfani da nau'in da aka tanada don lissafi daidai, ko ka ajiye kwabo a matsayin cikakkiyar lamba. Harajin VAT ma ka ba shi teburinsa da ranar farawa. Kashi 5 ne har zuwa Fabrairun 2020 da ya koma 7.5, kuma na ga manhajar da aka canza lambar a wuri ɗaya, tsofaffin rasit duka suka sauya jimilla.

Kafin ka rubuta layi ɗaya, girka ERPNext, shiryayyen tsarin lissafin kasuwanci, ka yi mako kana wasa da shi. Daga Indiya yake, da Python aka gina shi a kan firemwok ɗin Frappe, kuma kyauta ne. Wataƙila ya yi wa shagon Kwari nauyi, yaron da ke da mutum goma a gabansa ba zai cika gurbi ashirin ba. Amma ka ga yadda suka tsara kundin motsin kaya da na kuɗi. In ka ce za ka gyara shi ka sayar, ka san lasisinsa GPL ne, wanda ka ba manhajar yana da haƙƙin ganin kod ɗin.

Malam Na Samaru, abu biyu ka tsallake. Kuɗin saba ta waje da dala ake biya, ciniki kuma da naira. Wanda ya yanka farashin wata a farkon 2023 dala na wajen naira 460 a hukumance, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ya ga ta haura 1,500. Na biyu, ɗan kasuwa da sirrinsa. Je ka ce wa babban dila jerin masu bashinsa da farashin da yake sarowa suna zaune a rumbu ɗaya da na maƙwabcinsa, a hannun yaron da kawunsa ma atamfa yake sayarwa. Ka ga fuskarsa. Ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023, tunda sunaye da lambobin wayar mutane za ka tara.

Bamaraɗe:

Gaisuwa daga Maraɗi. Mu nan da yawa WinDev muka tashi da shi, kayan rubuta manhaja na wani kamfanin Faransa, don har kod ɗin ana iya rubutawa da Faransanci, kuma yana da sauri wajen fom da rahoto. Amma na kuɗi ne, kuma in ka shiga da rumbunsa fita sai da wahala. Matasa yanzu sun fi karkata ga Odoo, na Beljiyam, shi ma Python da PostgreSQL ne. Akwai na kyauta, akwai wanda ake biya bisa kan kowane mai amfani.

Abin da ya sa na sa baki: mutanenmu da yawa a Kwari suke sari. In manhajarka ta yi kyau za ta tsallako, to tun yanzu kada ka kafe naira a cikinta. Kowane ciniki ya ɗauki nau'in kuɗinsa da canjin ranar. Harajinmu kashi 19 ne, ba 7.5 ba. Kuma a baki da dala muke ƙirga, dala ɗaya sefa 5, to in mutum ya ce ɗari, a takarda 500 ne. Ka rubuta a fili a jikin gurbin abin da ake so a shigar.

Sai haruffa. Gwada bincike da "Ɗorayi" da "Dorayi" ka gani ko za su fito tare, don yaro ɗaya zai rubuta da lanƙwasa, ɗayan babu, ka wayi gari mutum ɗaya yana da asusun bashi biyu.

Ɗan Kwari:

Allah ya saka da alheri, ban zaci zan samu haka ba. Hajiya Mai Lissafi, kamar kin leƙa fayil ɗina, gurbin nan yana nan, sunansa ma "saura". Na ji kunya.

Ga inda na tsaya bayan kwana huɗu ina gwaji. Na ɗauki aiki ɗaya, sayar da turmi uku bashi tare da rage kaya, na rubuta shi da Django na kuma rubuta da Laravel. Gaskiya na Laravel da Filament ya fi kyau a ido, Malam Na Samaru bai yi ƙarya ba. Amma a Django na fi gane abin da nake yi in ya fashe, ƙanena ma Python aka koya musu. Don haka Django da PostgreSQL. Na zare wa laftof ɗin gwaji batir, na fizge caja ana tsaka da rubutu har sau biyar, ko sau ɗaya ban samu rabin ciniki ba.

Maganar inda saba za ta zauna, zan fara da laftof a shagunan kawu biyu da sito, kowanne na tura motsinsa waje. Tunda motsi kawai ake ƙarawa ba a gogewa, haɗa su ya zo da sauƙi fiye da yadda na ji tsoro, muddin kowane layi na da lambar da ba za ta yi karo da ta wani shago ba. Ƙananan shaguna masu kwamfuta ɗaya da ba su damu ba, wataƙila in ba su na intanet zalla, tunda kod ɗin ɗaya ne. In laftof ɗin suka fi ƙarfina zan dawo in faɗa, Malam Na Samaru ya yi min dariya.

Saura firinta. Daga burauza tana bugawa, amma sai taga ta buɗe an danna, ga jinkiri. Da kuma na aika mata rubutu kai tsaye ta ESC/POS, yaren umarnin firintocin rasit, alamar ₦ da ƙ da ɗ duk alamar tambaya suke fitowa. Baba Tsohon Kod, ya kuke yi da wannan?

Tsohon Kod:

Yawancin firintocin nan ba su da haruffanmu a cikinsu. Rubuta ƙaramar manhaja da za ta zauna a kwamfutar da firintar ke jone, Django ya miƙa mata rasit, ita ta zana shi ya zama hoto baƙi da fari ta aika. Ta milimita 80 yawanci ɗigo 576 ne faɗinta, ta 58 kuma 384. Zaɓi font mai ƙ da ɗ da ɓ, ka ƙara masa kauri kaɗan don takardar na dusashewa a aljihu. Lambar rasit kuwa ka buga ta da rubutun firintar na asali, manya, a sama da ƙasa, don in an yage rabi a gane ta.